Oumarou Ganda: sojan da ya dawo daga yaƙi ya ɗauki kamara

A watan Mayu na shekarar 1969, a birnin Cannes na ƙasar Faransa, masu sharhin fina-finai sun zauna sun kalli wani ɗan gajeren fim marar kala, mai tsawon minti 45, wanda ƴan wasansa ke magana da Zabarmanci. Babu fitaccen ɗan wasa ko ɗaya a ciki, kuma babu wani abin tashin hankali da ke faruwa, in ban da kuɗin wani tsohon soja da ke ƙarewa sannu a hankali, abokansa na zamewa ɗaya bayan ɗaya. Sunan fim ɗin Cabascabo. Wanda ya rubuta labarin, ya shirya shi, ya kuma fito a matsayin tsohon sojan, mutum ɗaya ne, Oumarou Ganda, ɗan Nijar da a lokacin bai wuce shekara 34 ba, kuma rayuwarsa ce ya zuba a ciki.

An haifi Oumarou Ganda a Yamai a shekarar 1935, a gidan Zabarmawa. Yamai ta lokacin ba ta kai ta kawo ba, don bai fi shekara tara ba da Turawan Faransa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram suka mayar da ita can. Ya yi lakwal ta firamare, daga nan karatu ya tsaya. A 1951, yana da shekara 16, ya shiga sojan Faransa. Yaron da a yau za a ce bai isa yin katin zaɓe ba, shi aka sa wa kaki aka ɗora a jirgin ruwa zuwa Indoshin, wato yankin da a yanzu ya ƙunshi Vietnam da Laos da Kambodiya, inda tun 1946 Faransa ke fafatawa da mayaƙan Viet Minh na Ho Chi Minh. Dubban ƴan Afirka ne suka bi wannan hanya. Abin da ke cikin lamarin ba ya buƙatar dogon sharhi: an ɗauko yaro daga ƙasar da aka mallaka, an kai shi ya harbi mutanen da ke neman ƙwatar kansu daga wanda ya mallake shi.

Shekara biyu ya yi a can. Ranar 7 ga Mayu 1954 sansanin Dien Bien Phu ya faɗi, Faransa ta sha kashi, aka sa hannu kan yarjejeniyar Geneva a watan Yuli. A 1955 Ganda ya dawo gida ya tuɓe kaki. Shekarunsa ashirin, ba shi da sana'a sai riƙon bindiga, kuma yaƙin da ya yi ba wanda ke son a tuna da shi, tun da ba a ci nasara ba. Ya nemi aiki a Yamai bai samu ba.

Sai ya yi abin da samarin ƙasar nan suka saba yi tun kafin a haife shi, wanda kuma har gobe ba su daina ba: ya tafi ci-rani. Mutumin Madarounfa ko Dan Issa ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan tafiya, don da wuya ka sami gidan da ba shi da wani a Kano, ko Legas, ko Libiya, ko Aljeriya. A shekarun 1950 ƴan yammacin Nijar bakin teku suka fi nufa, Gwalkwas da Kwaddebuwa. An buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka fara shigowa har cikin Abijan, tashar ta zama mai neman ƙarti ba dare ba rana. Can Ganda ya sauka, a unguwar Treichville, ya zama ɗan dako. Da safe a yi layi a bakin ƙofar tasha, wanda aka nuna da yatsa ya sami abincin ranar, wanda ba a nuna ba ya koma ya jira gobe.

Muryarsa, fim ɗin wani

A Abijan ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma binciken al'adun Sonrai da Zabarmawa yana ɗaukar su da kamara. Rouch na gudanar da bincike kan ƴan ci-ranin Nijar a bakin teku, yana neman wanda ya iya karatu da rubutu ya kuma san lungunan da baƙi ke kwana. Ya ɗauki Ganda aikin tambayoyi da ƙidaya. Daga nan magana ta kai ga fim.

A 1957 suka ɗauki fim ɗin Moi, un noir a Treichville. Yadda aka yi shi ya cancanci a ɗan tsaya a kai, domin a nan ne Ganda ya koyi sana'ar, a nan kuma abin da ya dame shi daga baya ya samo asali. Kamarar Rouch ƙarama ce, mai zaren milimita 16, irin wadda ake yi wa wani kamar agogo, tana gudu kamar daƙiƙa ashirin da ƴan kai ta tsaya. Ba ta ɗaukar sauti. Don haka aka bi samarin cikin gari ana ɗaukar hotonsu a bebe: wurin dako, wurin cin abinci, gidan rawa, bakin teku ranar hutu. Bayan an haɗa hotunan sai aka zaunar da Ganda gaban majigi da makirufo, yana kallon kansa yana magana yadda ta zo masa. Kusan duk abin da mai kallo ke ji a fim ɗin, ba'a da ƙorafi da mafarkin arziki, daga bakinsa ya fito nan take, ba daga takarda ba.

Samarin sun ɗauki sunayen taurarin da suke gani a gidajen sinima. Ganda ya zama Edward G. Robinson, abokinsa Petit Touré ya zama Eddie Constantine, yarinyar da Robinson ke so ta zama Dorothy Lamour. Robinson na mafarkin zama zakaran damben zamani, amma abin da ya samu shi ne dukan da wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Italiya ya yi masa saboda yarinyar. A ƙarshen fim ɗin yana tafe a bakin ruwa tare da wani yaro, sai labarin Indoshin ya taso masa. Ya shiga kwatanta yadda ake jefa gurneti, yadda ake faɗuwa ƙasa a kwanta, yadda aboki ke mutuwa kusa da kai. Wannan ɗan wuri yana cikin abubuwan da masana tarihin sinima suka fi ambato a duk aikin Rouch.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a 1958. Jean-Luc Godard ya yaba shi ƙwarai a rubuce-rubucensa, kuma ana lissafa shi cikin fina-finan da suka buɗe wa sabon salon sinimar Faransa hanya, wanda ake kira Nouvelle Vague. Sunan da ya ɗaukaka a Paris na Rouch ne. Ba za a ce Rouch ya ci amanarsa ba, don shi ya sa masa kamara a gaba tun farko, kuma hulɗarsu ta ci gaba. Sai dai Ganda bai ɓoye ba, a hirarrakin da aka yi da shi daga baya, cewa hoton da fim ɗin ya nuna bai gamsar da shi ba. Bakinsa ne ya yi magana, amma wani ne ya zaɓi abin da za a bari da abin da za a yanke. Yaƙin da ya cinye masa ƙuruciya ya tashi a ƴan mintoci a ƙarshen fim. Abin da ya biyo bayan yaƙin kuwa, wato komowa gida da wulaƙancin da ke cikinta, kusan ba a taɓa shi ba.

Ya koma Yamai bayan wasu shekaru. Nijar ta sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, kuma ƴancin ya shafi kamara ma, don tun 1934 akwai dokar Laval da ta hana ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka sai da izinin gwamna, dokar da a aikace ta toshe wa baƙar fata hanya. A cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai an kafa ƙungiyar masu sha'awar sinima, inda wasu ma'aikata Faransawa ke koya wa matasa riƙon kamara da ɗaukar sauti. Ganda ya shiga, ya zama mataimakin ma'aikaci. Moustapha Alassane ya riga shi fitowa, da Aouré a 1962, sannan Le Retour d'un aventurier a 1966, wanda a ciki samarin ƙauye ke shigar kaboyi. A 1968 ƙungiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim. Ganda ya kawo labarin da ya yi shekara goma sha uku yana ɗauke da shi.

Bayan an ajiye ganguna

Labarin Cabascabo ba shi da wuyar faɗa. Soja ya dawo daga Indoshin da ɗan abin da ya tara. Dangi da abokai sun tarbe shi, maroƙa sun wasa shi, duk inda ya zauna sai an kewaye shi. Yana ba da labarin fagen fama, fim ɗin na komawa baya yana nuna wa mai kallo guntayen abin da ya faru. Yana kashe kuɗi kamar ba za su ƙare ba, a kan abokai, a kan shaye-shaye, a kan wata mace mai suna Hawa, wadda Zalika Souley ta fito a matsayinta. Sai aljihu ya bushe. Waɗanda jiya ke rige-rigen gaishe shi suka fara sauya hanya idan sun hango shi. Ya shiga neman aiki, ya tarar ba wanda ya damu da inda ya je ko abin da ya gani. Mutumin da ya saba da girman kaki ya koma leburanci, ana ba shi umarni yana haɗiye fushi. A ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi karkara, inda aikin hannu ke jiransa.

Wani mai shirya fim da an ba shi wannan labari, yaƙin zai sa a gaba, don nan ne harbi da gudu da ihu suke. Ganda ya bar yaƙin a matsayin tunani mai zuwa yana wucewa. Inda ya zauna ya daɗe shi ne ranakun da ba abin da ke faruwa a cikinsu: zaman jira, tafiya a ƙasa daga wannan ofis zuwa wancan, fuskar mutum lokacin da ya gane cewa gaisuwar da ake yi masa ta aljihunsa ce. A ganina wannan zaɓi shi ne dukan darajar fim ɗin. Baƙin cikin namijin da ya wuce samartaka bai kai tsufa ba, ba ya zuwa da kururuwa. Yakan zo ne da rana tsaka, a gindin bishiya, lokacin da mutum ya lissafa ya ga abin da ya ɗauka mafarin rayuwarsa ne ashe shi ne ƙololuwarta, sauran kuma gangara ce. Irin wannan ba a nuna shi da sauri. Dole a bar mai kallo ya zauna tare da mai abin har zaman ya fara damunsa shi ma.

Mai karatu zai iya cewa ai shekara talatin da ƴan kai ba tsakiyar rayuwa ba ce. Ga wanda ya fara ganin gawa yana ɗan shekara goma sha, ya yi dako a ƙasar wasu, ya ga sunansa a allon sinimar Paris alhali aljihunsa wayam, lissafin shekaru daban yake. Kuma Ganda bai ɗauko wani matashi ya ba shi rawar ba. Shi da kansa ya tsaya gaban kamara da jikinsa na magidanci, yana maimaita abin da ya same shi yana ɗan ashirin. Saboda haka fuskar da ake gani ta wanda ya riga ya san ƙarshen labarin ce. Ko a wuraren da ake shagali ana kiɗa, akwai wata gajiya a idonsa.

Akwai kuma dalilin da ya shafi aljihu, wanda masu yabon salon fina-finan wancan zamani kan manta da shi. Zaren fim na milimita 16 daga Turai ake sayo shi, da tsada. Gwangwani mai mita 120 minti goma sha ɗaya kawai yake ɗauka, ƙarami mai mita 30 kuwa bai cika minti uku ba. Babu wurin wanke fim a Nijar, sai an aika da shi Faransa, can kuma ake zuwa a tace a haɗa. Mai shirya fim kan gama ɗauka gaba ɗaya bai ga ko hoto ɗaya na abin da ya ɗauka ba. Wanda ke cikin wannan hali ba ya cewa a sake sau goma, ba ya kuma yanka fage ɗaya gida ashirin. Yakan kafa kamara inda ya dace, ya yi wa ƴan wasa bayani, waɗanda yawancinsu abokai ne da ƴan unguwa ba masu sana'ar ba, sannan ya bar abin ya gudana. Talauci ne ya tilasta wannan tafiyar hawainiya, amma a Cabascabo ta dace da labarin kamar an auna. Yau da waya ke ɗaukar awa guda kyauta, matasanmu na da damar da Ganda bai taɓa mafarkinta ba, sai dai ban cika ganin wanda ke da haƙurin barin kamara a kan fuska ɗaya na minti guda ba.

Ya kuma yi fim ɗin da Zabarmanci, a lokacin da yawancin fina-finan Afirka ta yamma ke fita da Faransanci don a gamsar da masu ba da tallafi. A wannan shekarar ta 1968 ne Ousmane Sembène na Senegal ya fitar da Mandabi da harshen Wolof. Mutanen biyu sun yi kama ta wata fuska: shi ma Sembène ya yi sojan Faransa, ya kuma yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille kafin ya kama alƙalami da kamara. Ba daga jami'a manyan sinimar Afirka na farko suka fito ba, wannan kuwa wanda ya yi jami'a ne ke faɗa.

Bayan Cannes, fim ɗin ya je bikin fina-finai na Mosko a wannan shekarar ta 1969, inda alƙalai suka ba shi lambar yabo. A gida kuwa hanyar isa ga masu kallo a toshe take. Kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da gidajen sinima da rarraba fina-finai a kusan duk ƙasashen Afirka rainon Faransa, kuma abin da ke kawo musu kuɗi shi ne fina-finan Indiya da na kaboyi da na ƴan sanda. Fim ɗin minti 45 marar waƙa marar rawa, kan mutumin da kuɗinsa suka ƙare, ba shi da gurbi a jadawalinsu.

Abin da fim ɗin ya nuna bai tsaya kan mutum ɗaya ba. A watan Disamba 1959 majalisar Faransa ta zartar da dokar da ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da ke samun ƴanci, ta yadda ƴan mazan jiya na Nijar ko Mali suka ci gaba da karɓar abin da aka yanka musu tun wancan lokaci, na abokan yaƙinsu Faransawa kuwa yana ta hawa. Sai bayan fitowar fim ɗin Indigènes a 2006 gwamnatin Faransa ta fara daidaita wani sashe na kuɗin. A lokacin yawancin masu haƙƙin sun daɗe a ƙasa.

Wa'azi, Shaiɗan da alkawari

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, ya fito a 1970, wannan karon mai kala. Bahaushe ba ya buƙatar fassarar kalmar wazzou, wa'azi ce da bakin Zabarmawa. Wani attajiri ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, yana da mata biyu, idonsa ya faɗa kan Satou, yarinyar da aka riga aka yi wa Garba alkawarinta. Kuɗi suka yi aikinsu, iyaye suka sauya magana, Garba ya bar gari. Matar Alhaji ta biyu ta ƙudura ba za a yi mata wannan kishiya ba, ta shirya kashe amarya a daren biki, sai ta kuskure ta kashe ƙawar amarya. Ganda bai taɓa addini ba a fim ɗin. Wanda ya sa a gaba shi ne mai fakewa da rawani da carbi don biyan buƙatar ransa.

A 1972 bikin FESPACO na Wagadugu, wanda aka fara a 1969, ya soma ba da kyauta a karon farko. Babbar kyautar, Étalon de Yennenga, wato ingarman gimbiya Yennenga ta Mosawa, Le Wazzou polygame ne ya ɗauke ta. Duk jerin waɗanda suka ci wannan kyauta, daga Souleymane Cissé na Mali zuwa Idrissa Ouédraogo na Burkina Faso zuwa Newton Aduaka na Najeriya a 2007, da sunan ɗan Nijar yake farawa. Tun daga ranar kuma ingarman bai sake shigowa ƙasar nan ba.

Wadda ta biya kuɗin wannan nasara da mutuncinta ita ce Zalika Souley, da ta fito a matsayin kishiyar mai kisa. Jama'a da yawa a lokacin ba su raba wasa da gaskiya ba, suka ɗauke ta yadda suka gan ta a majigi, ta sha zagi da tsangwama a gari. Rahmatou Keïta ta ba da labarinta a fim ɗin Al'lèèssi na 2004, inda ake ganin tauraruwar farko ta Nijar cikin rashi, a gidan da ko famfo babu. Ta rasu a 2021.

Saïtane ya biyo baya a farkon shekarun 1970, labarin wani malamin tsibbu da ke haɗa matar aure da attajirin da ke nemanta, yana karɓar na goro daga kowane ɓangare, har asirinsa ya tonu. Daga nan sai dogon shiru ta fuskar fina-finan labari. Shekarun fari ne da yunwa, sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya hau. Ganda ya yi ƴan gajerun fina-finan gaskiya a tsakani, amma mutumin da ya ci babbar kyautar nahiya ya kwashe shekara bakwai ko fiye kafin ya iya haɗa abin da zai yi dogon fim. Wannan shi ne ainihin ma'anar shirya fim ba tare da kamfani a bayanka ba: rubutu wata uku, ɗauka wata ɗaya, neman kuɗi shekaru.

Dogon fim ɗin, L'Exilé, ya fito a 1980, kuma ya sha bamban da na baya. Wani jakadan Afirka da ya bar ƙasarsa yana zaune a Turai cikin baƙi, sai ya ba su tatsuniya. Wani sarki ya ji samari biyu ƴan'uwa suna cewa sun yarda a fille musu kai in dai za su auri ƴaƴansa mata. Ya aurar musu, bayan shekara ya nemi a cika magana. Ɗaya ya ba da wuyansa. Ɗayan ya gudu, ya yi ta yawo har ya zama sarki a wata ƙasa, amma a can ma wani alkawari ya riske shi, wanda ba ya cikuwa sai da ransa. Fim ne kan nauyin maganar da ta fita daga baki, a zamanin da shugabannin Afirka ke rantsuwa da safe su warware da yamma. A nan ma bai yi gaggawa ba. Ya bar tatsuniyar ta tafi da irin takunta na dare, mai ba da labari na tsayawa inda ya ga dama. Mai lura zai ga zaren da ya haɗa shi da Cabascabo: duka biyun labarin mutum ne da ya yi nisa da gida, ya tarar abin da ya bari a baya na nan na jiransa.

Ƴan watanni bayan haka, ranar 1 ga Janairu 1981, Oumarou Ganda ya rasu a Yamai sakamakon ciwon zuciya. Shekarunsa 45. Allah ya jiƙansa. Abin da ya bari na fina-finan labari guda huɗu ne, waɗanda in an haɗa tsawonsu da kaɗan suka wuce awa huɗu, wato bai kai abin da wani shiri mai dogon zango na Kano ke fitarwa a wata ɗaya ba.

An sa sunansa a babbar cibiyar al'adu ta Yamai, wadda kowa ke kira CCOG, inda ake tarukan mawaƙa da bukukuwa. FESPACO ta ƙirƙiro kyautar Oumarou Ganda, wadda ake ba wanda ya yi fice da dogon fim ɗinsa na farko. Jean Rouch ya rayu shekara 23 bayansa, ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu 2004, aka binne shi a Yamai. Cibiyar da Ganda ya koyi aiki a cikinta ta ɗauki sunan Rouch, sannan a 2024 hukumomi suka sauya mata suna zuwa na Moustapha Alassane.

Suna a bango dai ya samu. Ganin fina-finan ne ke da wuya. A yankin Maraɗi, tun da Turmin Danya ya buɗe kasuwar fim ɗin Hausa a Kano a 1990, abin da ke tsallako iyaka ta Jibiya shi ke cika gidajen kallo, da farko a kaset, sannan a faifai, yanzu a katin waya. Ba laifi ba ne, harshenmu ne, kuma suna da nasu gwanintar. Amma saurayin Madarounfa da ya dawo daga Libiya da ƴan kuɗi, aka yi masa sati biyu ana zuwa gaisuwa, wata uku bayan nan ya koma neman na shayi a wurin waɗanda ya yi wa kyauta, akwai fim ɗin da aka yi kansa tun kafin a haifi babansa, kuma mai yiwuwa bai taɓa jin sunansa ba. Ɗalibin sinima a Paris ko New York ya fi shi saukin samun Cabascabo.

Waɗanda suka gaji hanyar, yawancinsu ta fim ɗin gaskiya suka bi, kuma da Hausa suke aiki. Aïcha Macky ta Damagaram ta yi L'Arbre sans fruit a 2016 kan matan da ba su sami haihuwa ba, sannan Zinder a 2021 kan samarin unguwar Kara-Kara. Sani Magori, ɗan Galmi, ya yi Koukan Kourcia, inda ya ɗauki tsohuwar zabiya Hussey, wadda waƙoƙinta suka zuga mazan garinsu tafiya ci-rani shekaru da dama da suka wuce, ya kai ta har Abijan don ta yi wa mahaifinsa waƙar da za ta dawo da shi gida.